Will Smith: fina-finansa sun tara biliyoyi, to nawa ne ya shiga aljihunsa?

Auta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bin harkar Hollywood. Na ci karo da wani shafi mai lissafa dukiyar fitattun mutane, ya ce Will Smith ya mallaki dala miliyan 350. A wani wurin kuma na ga an ce fina-finan da ya fito a ciki sun tara sama da dala biliyan 9 a gidajen sinima na duniya. Lissafin ya ƙi zama mini. Mutum ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana fim, ga waƙa, ga kamfani, a ce abin da ya rage masa bai kai kashi 4 cikin ɗari na kuɗin da ya jawo ba? Almubazzari ne, ko cutarsa ake yi?

Ɗan Sinima:
Wa alaikumus salam. Auta, dala miliyan 350 kake kira "abin da ya rage"? Allah ya rage mana irin wannan ragowar.

Maman Biyu:
Amin dai 😂

Malam Akanta:
Auta, ka haɗa lambobi biyu da ba gidansu ɗaya ba. Biliyan 9 ɗin nan kuɗin tikiti ne, abin da 'yan kallo suka biya a ƙofa. Kusan rabinsa masu gidajen sinima ke riƙewa tun bai isa hannun kamfanin da ya yi fim ɗin ba. A China ma kashi 25 cikin ɗari kacal kamfanin Amurka yake samu. Abin da ya iso sai a cire kuɗin shirya fim, a cire na talla, wanda a manyan fina-finai shi kaɗai yakan haura dala miliyan 100. Jarumi ba shi da komai a nan sai abin da aka rubuta masa a kwantiragi.

To ko nasa ɗin ma. A ce an biya shi miliyan 20 a fim ɗaya, farashin manyan taurari ke nan tun tsakiyar shekarun 1990. Wakilin da ya nemo aikin zai ɗauki kashi 10. Manaja yakan ɗauki 10 zuwa 15. Lauyan da ya duba takardu yana da 5. Sai gwamnatin tarayya ta zo da harajinta, wanda a yanzu kashi 37 ne ga masu babban samu, jihar Kaliforniya kuma tana da nata har 13.3. Kafin ka ankara miliyan 20 ta dawo wajen miliyan 7, bai biya mai gadi ba, bai biya direba ba.

Ita kuwa 350 ɗin da ka gani kirdado ne. Masu irin wannan shafin ba su taɓa ganin asusun bankinsa ba, ba su san bashin da ke kansa ba. Gara ma mujallar Forbes, ita takan lissafa abin da mutum ya samu a shekara guda kafin haraji. A 2008 shi ta sa a sahun farko na 'yan wasan da suka fi samun kuɗi, da dala miliyan 80. Wannan lambar ta fi ƙamshin gaskiya, amma ka tuna ba a yanka ta ba tukuna.

Auta:
Na gode Malam. Ashe kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malam Akanta:
Kurar da ke tafiya gida da miliyan 7 ai ba abar tausayi ba ce, ƙanena.

Baba Mai Faifai:
Tunda an taɓo maganar haraji, bari in shigo. Yaran yanzu sun ɗauka ɗan fim ne da ya taɓa waƙa. A'a. Mawaƙin gambara ne da bashin haraji ya tura gaban kyamara.

A Filadelfiya aka haife shi, ranar 25 ga Satumba 1968. Babansa gyaran firji da na'urorin sanyi yake yi, mamarsa ma'aikaciyar hukumar makarantu ce, ba 'ya'yan titi ba ne. A 1985 ya haɗu da Jeff Townes a wani bikin gida, suka zama DJ Jazzy Jeff and the Fresh Prince. Bai gama sakandare ba waƙarsu ta fara shiga rediyo. Faifansu na 1988, He's the DJ, I'm the Rapper, ya sayar da kwafi miliyan 3 a Amurka. A 1989 aka fara ba da kyautar Grammy ta gambara a tarihi, su suka ɗauka da waƙar "Parents Just Don't Understand". Ba su ma je bikin ba, ƙaurace masa suka yi don an ce ba za a nuna ɓangaren gambara a talabijin ba.

Yaro ɗan shekara ashirin, kuɗi na shigowa ta ko'ina. Ya sayi gida, ya jera motoci da babura, yana yawo da zugar abokai yana biya musu komai. Da za su yi faifai na gaba sai suka kwashi jama'a suka tafi Bahamas, kuɗin sutudiyo na ta hawa su suna shaƙatawa. Faifan ya fito a 1989, bai kama ƙafar na baya ba. Daidai lokacin ne hukumar harajin Amurka, IRS, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da bashin dala miliyan 2.8. Suka kwashe kayansa. Ga suna duk ƙasa ta san shi, ga aljihu wayam.

Maman Biyu:
Baba, yaya mutum zai tara bashin miliyan 2.8 bai sani ba? Ba cirewa ake yi tun daga albashi ba?

Malam Akanta:
Maman Biyu, ma'aikaci ake cire wa tun daga tushe. Mawaƙi a dokar Amurka mai zaman kansa ne, cak ɗinsa cikakke ake miƙa masa, shi zai ware na gwamnati ya riƙa biya sau huɗu a shekara. In bai biya ba, tara na hawa, kuɗin ruwa na hawa. Yaro ya ga miliyan a asusu ya ɗauka duk tasa ce.

Akwai kuma tarko na biyu da Baba ya taɓo bai tsaya a kai ba. Kuɗin da kamfanin faifai ke ba mawaƙi kafin aiki, kafin alƙalami ne, ba kyauta ba. Kuɗin sutudiyon Bahamas ɗin nan daga kason su Will ake zarewa. Sai kamfani ya mayar da kuɗinsa tsaf sannan mawaƙi ya fara ganin sisi. In faifai ya yi kwantai, kai ne da bashi, kamfani kuma ya riƙe mallakar sautin da aka naɗa.

Baba Mai Faifai:
Haka yake. Daga nan ne Will ya haɗu da Benny Medina, wani jami'in kamfanin faifai, wanda ke da labarin yaron da ya taso a unguwar talakawa ya koma zama gidan attajirai. Medina ya kai shi wurin fitaccen furodusa Quincy Jones. A gidan Quincy, ana tsakiyar biki, ga shugabannin tashar NBC zaune, aka miƙa masa takarda aka ce ya gwada a nan take. Bai taɓa yin wasan kwaikwayo ba. The Fresh Prince of Bel-Air ya fara fita a Satumba 1990, ya yi zango shida, kashi 148, har zuwa 1996. Da bakinsa ya faɗa a hira cewa shekara ukun farko IRS kashi 70 cikin ɗari take ɗauke wa daga kowane cak nasa. Duk dariyar da kuke gani yana yi a zangon farko, ta mai biyan bashi ce. Ku duba da kyau ma, a kashin farko-farko za ku ga leɓensa na motsi yana karanta maganar abokan wasansa, don ya haddace takardar gaba ɗaya saboda tsoron kuskure.

Ɗan Sinima:
Baba, da girmanka, amma ban yarda da "mawaƙi ne asali" ba in ana maganar kuɗi. Waƙa suna ta ba shi, ta bar shi da bashi. Dukiyar Will Smith ta fim ce. Bad Boys a 1995, an kashe kusan miliyan 20, ya dawo da sama da 140. Independence Day a 1996 ya haura miliyan 800. Men in Black a 1997 ya doshi 600. Daga 2002 zuwa 2008 ya jera fina-finai takwas, kowanne ya wuce miliyan 100 a Amurka kaɗai: Men in Black II, Bad Boys II, I, Robot, Shark Tale, Hitch, The Pursuit of Happyness, I Am Legend, Hancock. Wane faifai ne zai kawo wannan?

Kuma a gaskiya ko a cikin masu gambara ba a ɗauke shi gwani ba. Waƙar yara da iyaye yake yi.

Baba Mai Faifai:
Ɗana, Grammy huɗu gare shi. Ta biyu da "Summertime" ta 1991, ta uku da waƙar "Men in Black", ta huɗu da "Gettin' Jiggy wit It". Big Willie Style na 1997 ya sayar da kwafi miliyan 9 a Amurka. Masu kiransa mai waƙar yara, nawa ne cikinsu suka sayar da rabin haka? Rashin ashar a waƙarsa shi ya buɗe masa rediyo da falon gidajen mutane, shi ya sa NBC ta amince ta ɗora shi a lokacin da iyali ke zaune gaban talabijin. Kakarsa ce ta tsinci littafin waƙoƙinsa yana yaro ta bar masa wasiƙa a ciki kan zagi, daga nan ya bari.

Abin da kai ba ka lissafa ba shi ne yadda ya haɗa sana'o'in biyu su riƙa yi wa juna talla. Fim ya fito, waƙar fim ɗin na kan rediyo da MTV duk yini, a bidiyon yana sanye da baƙar kwat ɗin fim. Kamfani ya samu tallan da bai biya ba, shi kuma ya ci kuɗi ta gida biyu.

Malam Akanta:
Gida biyu, amma na biyun akwai masu jiran kaso, Baba. Waƙar "Men in Black" a kan kiɗan "Forget Me Nots" na Patrice Rushen aka gina ta. "Gettin' Jiggy wit It" ta yanko daga waƙar Sister Sledge, wadda Nile Rodgers da Bernard Edwards suka rubuta. "Wild Wild West" kuma kiɗan Stevie Wonder ne. In ka yanko kiɗan wani, sunansa na shiga cikin marubuta, duk sanda aka saka waƙar yana da rabo. Don haka manyan waƙoƙinsa na wancan lokacin ba shi kaɗai ke cin ladan rubutunsu ba. A nan ina bayan Ɗan Sinima: kuɗin gaske a fim yake.

Kuma ba a miliyan 20 ɗin ba. A kason riba yake. Tauraron da ya isa yakan sa a rubuta masa kaso daga kuɗin da kamfani ya karɓa tun daga dalar farko, ba sai an cire ɗawainiya ba. Wannan bambancin shi ne komai, domin akantocin Hollywood sun iya lissafin da fim zai tara ɗaruruwan miliyoyi a takarda kuma a ce bai ci riba ba. Wanda aka yi wa alƙawarin kaso daga "riba" yakan tashi a tutar babu. Irin kwantiragin kaso tun daga dalar farko Will Smith yake yi a shekarun ganiyarsa, shi ya sa jaridu suka riƙa ruwaito cewa Men in Black 3 na 2012 kaɗai ya kawo masa kusan miliyan 100.

Auta:
To shi ne ya ƙi karɓar The Matrix? Na taɓa jin haka amma na ɗauka zuƙi ta malle ce.

Ɗan Sinima:
Gaskiya ne, shi ya ba da labarin da kansa. An kawo masa matsayin Neo, bai gane bayanin da masu fim ɗin suka yi masa ba, ya tafi ya yi Wild Wild West a 1999. An narka kusan miliyan 170, ya dawo da 220 da ɗoriya, ka cire rabin masu sinima ka ga asara. Keanu Reeves kuwa, wanda ya karɓi matsayin Neo ɗin, ya kwashi rabonsa.

Ni abin da ya fi ba ni haushi a fina-finansa ma Concussion ne na 2015, inda ya fito a Dakta Bennet Omalu, likita ɗan asalin Najeriya. Aikin ya yi kyau, amma wannan karin harshen ban san daga wace ƙasa ya ɗauko shi ba.

Hajiya Babba:
Ina ta karantawa ina jira in ga wanda zai kawo maganar marin, kowa ya yi shiru. Kuna ta lissafin miliyoyi. Mutumin nan ya tashi a gaban duniya ranar 27 ga Maris 2022, ya hau dandamalin bikin ba da kyautar fim ta Oscar ya wanka wa ɗan barkwanci Chris Rock mari, ya dawo ya zauna yana ɗaga murya da ashar, wannan da aka ce ba ya zagi a waƙa. Bayan ɗan lokaci aka kira sunansa ya karɓi kyautar gwarzon jarumi da King Richard, jama'a suka miƙe suna tafi. Sau biyu ana sa shi a takara yana rasawa, da Ali da The Pursuit of Happyness, ranar da ta zo hannunsa ya ɓata ta da kansa.

Maman Biyu:
Hajiya, ni kuma ban ga laifinsa sosai ba. Matarsa na fama da ciwon zubewar gashi, a tsaya a bainar jama'a a yi mata ba'a da kanta? Wace mace ce ba za ta so mijinta ya tare mata ba?

Hajiya Babba:
'Yar nan, tarewa daban, duka daban. Da ya jira ya karɓi kyautarsa ya faɗi magana biyu a kan ciwon matarsa, da Chris Rock ne zai kwana yana ba da haƙuri. Shi da kansa ai ya fito ya ce abin da ya yi ba daidai ba ne.

Ɗan Sinima:
Matar da ta fito a 2023 ta ce tun 2016 ba sa tare...

Mai Zaure:
Jama'a, aurensu ba shi ne maudu'i ba. A tsaya kan sana'a da kuɗi don Allah.

Auta:
To a kan kuɗin, marin ya ja masa asara ko kuwa? Don ni na ga yana nan yana fim.

Malam Akanta:
Ya ja, amma ba irin wadda mutane suka zata ba. Ya ajiye zamansa ɗan majalisar masu ba da Oscar ranar 1 ga Afrilu, ranar 8 suka haramta masa halartar bukukuwansu na shekara goma. Kyautar ba a karɓe ba. Netflix ta jingine wani fim da za su yi tare. Emancipation, wanda Apple ta saya da tsada tana hangen kyaututtuka, ya fito a Disamba 2022 ya wuce shiru. Sai dai kuɗinsa na wannan fim tun kafin marin aka ƙulla shi, asarar ta Apple ce.

Inda nake ganin abin ya fi taɓa shi shi ne kamfaninsa. A 2019 shi da matarsa suka kafa Westbrook. A Janairu 2022, wata biyu da ɗoriya kafin Oscar, Candle Media ta sayi kusan kashi 10 na kamfanin a kan dala miliyan 60, wato an yi wa kamfanin kuɗi wajen miliyan 600. Me ake saya a irin wannan kamfani? Ba gini ba ne, ba injina ba. Sunansa ne, da yadda kowa ke son a gan shi tare da shi. To wannan ne ya tsage a daren. Ka ga Auta, ga wani dalilin da ya sa 350 ɗinka ba abin riƙewa ba ce: babban ɓangaren dukiyar irin waɗannan mutane hannun jari ne da farashinsa ke bin mutuncinsu.

Ɗan Sinima:
Malam, 'yan kallo sun riga sun yanke hukunci. Bad Boys: Ride or Die ya fito a Yuni 2024 ya tara sama da miliyan 400. Har wurin da Martin Lawrence ke sharara masa mari aka saka a ciki, sinima ta ɗauki dariya. Magana ta ƙare.

Hajiya Babba:
Ba ta ƙare ba. Mutane sun je ganin Bad Boys ne, sunan da suka sani tun 1995. Ɗana, kai da ka haddace lambobi, lissafa mini fina-finansa da suka yi kasuwa tun bayan Hancock waɗanda ba ci gaban tsohon fim ba ne ko maimaici.

Ɗan Sinima:
Aladdin ya haura biliyan 1 a 2019, Hajiya.

Hajiya Babba:
Aladdin na Disney ne tun 1992, yara sun san shi kafin su san Will Smith. Suicide Squad kuma jaruman littattafan DC ne. Kawo wani.

Baba Mai Faifai:
Hajiya ta kama ka. After Earth na 2013, shi ya kawo labarin, ya saka ɗansa Jaden, ya faɗi. Gemini Man na 2019 ya ja asara. King Richard da ya ba shi Oscar bai mayar da kuɗinsa a sinima ba, ko da yake a 2021 ne, kuma rana ɗaya aka sake shi a manhajar kallo ta HBO Max. A da, hotonsa kaɗai a jikin fosta ya isa: Hitch ba shi da tsohon suna, The Pursuit of Happyness labarin mutum ne da ɗansa suna kwana a banɗakin tashar jirgi, amma ya haura miliyan 300. Wannan ƙarfin ya ragu tun kafin marin, kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba, duk taurarin zamaninsa ne.

Malam Akanta:
Shi ya sa ma salon biyan ya canza. Kamfanonin kallo ta intanet ba su da kuɗin tikitin da za a raba, sai su biya ka dunƙule tun farko su sayi kasonka na gaba. A King Richard an ruwaito ya karɓi miliyan 40 duk da fim ɗin bai yi kasuwa ba, har ya ɗiba daga ciki ya ba abokan wasansa. Yana da daɗi a ranar, amma babu sauran cak da zai riƙa zuwa bayan shekara goma. Kuma ku lura, Men in Black da Bad Boys na Sony ne, Aladdin na Disney. Duk girman sunansa, ba shi ke da su ba.

Ɗan Sinima:
Amma Bel-Air, wato The Fresh Prince ɗin da aka sabunta a 2022 a manhajar kallo ta Peacock, ai da kamfaninsa aka yi. Wani matashi, Morgan Cooper, ya yi ɗan gajeren bidiyo a 2019 ya mayar da barkwancin labari mai nauyi, Will ya gani ya jawo shi. A can furodusa ne, ba ɗan wasan haya ba. Yana da ɗan hannun jari a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Philadelphia 76ers ma tun 2011.

Auta:
Baba, waƙar fa? Ya bar ta ke nan?

Baba Mai Faifai:
Ya dawo. A Maris 2025 ya saki Based on a True Story, faifansa na farko tun Lost and Found na 2005, ya kuma zaga Turai yana wasa. Faifan bai ko shiga jerin Billboard na faifai ɗari biyu da suka fi kasuwa a Amurka ba. A wurin wasa kuwa da zarar Jazzy Jeff ko wani ya saki kiɗan "Summertime" sai fili ya ɗauka.

Ɗan Sinima:
To ka ji, Baba. Ko a waƙar ma tsohon suna ake saya.

Baba Mai Faifai:
Tsohon sunan da ka ce na waƙar yara ne ɗazu.